Faifan Da Aka Ce Tas Yake

Ku ba ni hankalinku kaɗan. Akwai wata amana a ɗakina da na kasa saukewa, na ga gara in kawo maganar gabanku, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zan faɗi abin da ya faru tun daga tushe, ba zan karkata ga kowa ba. In na gama, hukunci naku ne.

Yayana, marigayi Malam Haladu, mai gyaran rediyo ne a Malumfashi. Yana da wata ɗabi'a. In ya gyara rikoda, ba ya mayar wa mai ita sai ya gwada ta a gida. Yakan sa kaset nasa, ya danna jan maɓalli, ya ajiye ta a gefen tabarma lokacin cin tuwo bayan magariba. Washegari ya saurara a shago. In murya ta fita sarai, aiki ya yi. Bai taɓa goge kaset ba. Yakan ce kaset ana sayo wani, amma hirar jiya babu mai sayar da ita. Daga baya ko babu abin gwadawa sai ya ɗauko tasa rikodar, wata ƙaramar baƙa mai mariƙin fata, ya kunna. Haka kwalaye suka cika da hirar gidansa: labarin kasuwa, faɗan yara, ƙarar injin niƙa na maƙwabta, tarinsa, dariyarsa.

Matarsa Tabawa, wadda yara ke kira Inna, mace ce mai kawaici. In ta kawo masa abinci sai ta koma gefe ta zauna, ba ta taɓa nata. Shi kuwa kullum sai ya ce, "Tabawa, ɗauko kwanonki. Ba na cin abinci ana ƙirga mini loma." Sai ta yi murmushi ta ɗauko. Kusan babu kaset ɗin da wannan magana ba ta ciki.

Allah ya ba su 'ya'ya uku. Babban shi ne Bilyaminu, mai jigilar kaya da motarsa, mutum mai zafin nama da saurin fushi da saurin hucewa. Inna ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "Babba". Na biyun Mahadi, wanda ya karanta ilimin kwamfuta yake aiki a Kaduna, ba ya son yawan magana. Autarsu Uwani, mai sunan mahaifiyarmu, malamar makaranta ce a nan gari. Malam yakan kira ta "Uwata".

Bayan rasuwar Malam, hankalin Inna ya fara gushewa a hankali. Ta fara da manta inda ta ajiye abu, ta kai ga manta sunayen jikokinta, har wata rana ta dubi Mahadi ta tambaye shi ɗan gidan wane ne. Wannan duk mun jure. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne da ta daina cin abinci. In aka kawo sai ta ture, ta ce Malam bai dawo daga shago ba tukuna.

Uwani ce ta gano magani. Wata magariba ta sa ɗaya daga cikin kaset ɗin a bayan labule. Muryar Malam ta cika tsakar gida, yana ba da labarin wani da ya kawo rediyo kyankyasai sun yi gida a ciki. Da ya zo kan "ɗauko kwanonki", Inna ta miƙa hannu ta jawo kwano, ta ci har ta suɗe. Na san wasunku za su ce wannan ruɗi ne. Mu ma mun tattauna, ba mu ji daɗinsa ba. Amma ba shi na kawo muku ba.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ba mu zata ba. Matar da ba ta gane fuskar ɗanta, in aka maimaita mata hirar da aka taɓa sa mata, nan take take ganewa. Sai ta ture kwanon ta ce, "Malam ba ya maimaita magana. Wannan rediyo ne." Dole kowace magariba a sa sabuwar hira, kuma ta tafi daga farko har ƙarshe ba tare da tsalle ba.

Kaset ɗin kuwa sun tsufa. Wasu suna tsinkewa, wasu suna manne wa juna. Mahadi ya ce a juye su cikin kwamfuta tun kafin a rasa su. Ya ce ba zai zuba su a faifan ajiya guda ba, domin faifai yana mutuwa ba sallama. Zai haɗa guda huɗu su yi aiki kamar ɗaya, ta yadda ko ɗaya ya mutu ba za a rasa komai ba.

Na tambaye shi yadda hakan ke yiwuwa, ya bayyana mini, kuma dole in bayyana muku, domin a nan maganar take. Ya ce in ɗauka mutum uku ne a jere, kowa ya dunƙule hannu, wani da tsakuwa ɗaya a ciki, wani babu. Na huɗunsu shaida ne. Abu ɗaya kawai yake riƙewa: in aka haɗa tsakuwoyin, sun tafi bibbiyu daidai, ko sun bar ɗaya? In ɗaya daga cikin ukun ya tafi, sai a buɗe hannun biyun da suka rage, a tambayi shaida, nan take a san abin da ke hannun wanda ya tafi. Haka kwamfuta ke yi, layi bayan layi, fayafayan suna karɓa-karɓa wajen riƙe shaidar.

Amma kafin a fara ajiya, dole shaida ya yi zagayen farko. Sai na'ura ta bi kowane layi daga farkon faifai har ƙarshe, ta duba abin da ke ciki, ta rubuta shaidar gaskiya. Dalili kuwa, in an zo canza ɗan abu kaɗan daga baya, shaida ba ya sake ƙirga hannaye duka. Yana duba hannun da ya canza ne kawai, ya juya maganarsa ta dā. In maganar ta dā gaskiya ce, za ta ci gaba da zama gaskiya. In ƙarya ce, haka za ta yi ta tafiya a ƙarya, babu mai sani, sai ranar da aka nemi shaida.

Bilyaminu ne ya ɗauki nauyin kawo fayafayan. Ya samu uku sababbi a Kano, na huɗu mai irin girmansu ya ƙare a kasuwa. A wata tafiya da ya yi Gusau sai ya biya wurin wani tsohon abokin Malam, Alhaji Ɗan'azumi mai hoto, wanda ke shirin rufe shagonsa saboda idonsa ya yi rauni. Alhaji yana da fayafayai biyu tagwaye, abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan. Da ya ji don me ake nema, ya ce a ɗauki ɗaya kyauta, albarkacin Haladu. Ya sa aka goge shi a gaban Bilyaminu, aka buɗe aka ga babu komai.

Ranar da Mahadi ya zo haɗawa, ya ga zagayen farko zai ci kwanaki, kuma yana son wuta mai ɗorewa, wadda ba mu da ita. Rikoda kuwa ta cinye kaset biyu a makon, Inna ta kwana da yunwa sau biyu. Mahadi ya san akwai hanyar tsallake zagayen, a ce wa na'ura ta ɗauka komai daidai yake. Ya kuma san lokacin da yin hakan ba shi da laifi: in fayafayan duka sababbi ne fil, babu komai a kowane hannu, shaidar da ta ce "babu" gaskiya ta faɗa ko ba ta zagaya ba. Sai ya kira yayansa a waya, ina zaune.

Ya ce, "Yaya, fayafayan nan duk masu tsabta ne ko?"

Bilyaminu yana kan hanya, ana jin ƙugin mota. Ya ce, "Tas suke. Da idona na gani."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi Mahadi, da ya ce tsabta, yana nufin faifan da ba a taɓa rubuta komai a kansa ba tun daga masana'anta. Shi kuwa Bilyaminu yana nufin an goge. Bai san cewa irin wannan gogewar ta gaggawa sunaye kawai take sharewa a bakin faifai ba. Hotunan Alhaji Ɗan'azumi suna nan kwance a ciki, kamar gidan da aka cire allon ƙofarsa amma mutanensa ba su tashi ba. Mahadi bai duba da kansa ba, domin yayansa ne ya faɗa. Ya tsallake zagayen, ya fara juye kaset.

Aikin ya yi kyau. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Kowace magariba Uwani tana zaɓo hira ta sa, Inna tana ci. Kaset ɗin da suka rage aka mayar tsohon shagon Malam. Wata damina rufin ya yoye a kansu, ba a ankara ba sai da suka ruɓe. Mun yi baƙin ciki, amma muka ce ai akwai su a kwamfuta.

Sai ga shi wata rana faifai ɗaya ya mutu. Ba ma na Alhaji ba, ɗaya daga cikin sababbin. Uwani ta kira Mahadi, ya ce kada ta damu, don irin wannan rana aka yi shaida. Amma da ta buɗe, yawancin hirarrakin suka ƙi buɗuwa. Wadda ta buɗu, Malam yana tsakiyar magana sai wata ƙara mai kaifi ta tsaga, kamar ana yaga kwano. Inna ta toshe kunnuwa, ta fashe da kuka, ta ce a fitar da abin nan daga gidanta. 'Yan hirarrakin da ke wayar Uwani duk ta ji su kwanan nan, ta ƙi su. Daga ranar ta rufe bakinta. Ruwa kaɗai take kurɓa. Likita ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Ya ce mana a irin shekarunta jiki ba ya jure wannan da daɗewa.

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Mahadi ya baro aikinsa ya taho. Da ya zauna gaban kwamfutar, ya tarar tana tambaya: ta ga ɓarna a cikin ajiya, a ba ta izini ta gyara da kanta? Maɓalli ɗaya ne. Bilyaminu yana tsaye a kansa.

Ya ce, "Ka danna mana! Ita da kanta ta ce za ta gyara."

Mahadi ya ce, "Ba zan danna ba."

"Inna tana can tana ƙarewa, kai kana nan kana kallon allo kamar boka. Wancan karon ba ka tsaya jira ba, yau ne ka koyi haƙuri?"

Mahadi ya ce, "Eh, Yaya. Yau ne."

Ya san in na'ura ta yi gyara bisa shaidar da ba a tabbatar ba, duk abin da bai yi mata daidai ba za ta yanke ta zubar, kuma ba ya dawowa. Ya kashe ta. Ya aro wasu fayafayai ya fara kwafe ukun da suka rage, don kada a taɓa na asali. Wannan ma ya ci lokaci, Inna tana ƙara ramewa, dangi suna shigowa suna yi masa kallon wanda bai damu ba. Bai kare kansa ba. Ya yi ta bin layukan da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, har ya lura cewa ƙarar da ke tsaga muryar Malam ba barkatai take ba, tana da tsari irin na hoto. Sai ya ɗago ya tambayi yayansa, cikin sanyin murya, daga ina faifai na huɗu ya fito. Bilyaminu ya faɗa masa labarin Alhaji da tagwayen fayafayansa. Sai Mahadi ya ce akwai hanya. Shaidar ta karkace ne daidai gwargwadon abin da ke kwance a faifan Alhaji tun farko. Aikinmu ya riga ya hau kan wancan tsohon abu ya binne shi. Amma in aka samo ɗan tagwayensa, ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba, za a iya cire karkatar daga kowane layi, gaskiya ta fito. Ba don Mahadi ba, da an danna maɓallin nan tun ranar farko, da kuma babu wanda zai san abin da za a nema.

Bilyaminu bai tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Ya ɗauki makullin mota. Lokacin hanyar ba ta da lafiya, direbobi da yawa sun daina bin ta, matarsa ta riƙe masa riga a zaure, ya ɓamɓare hannunta ya fita. Ya isa Gusau ya tarar shagon hoto ya zama na sayar da taliya. Aka ce Alhaji ya koma ƙauyensu wajen 'yarsa. Ya bi, inda mota ta kasa shiga ya hau babur, inda babur ya tsaya ya taka da ƙafa. Ya same shi a zaune a inuwar ɗakinsa, idon ya kusa tafiya duka. Faifan yana nan, naɗe cikin tsohon rawani a ƙasan akwati, ba a taɓa kunna shi ba tun ranar da aka raba shi da ɗan'uwansa.

Alhaji ya ƙi bayarwa. Ya ce, "Ɗana, na ba ka ɗaya don ina da biyu. Wannan shi ne aikin rayuwata. Bikin mutane, sunan 'ya'yansu, fuskokin waɗanda suka mutu. Ni ban iya ganinsu, amma na san suna nan. In ya bar hannuna ban san me zai same shi ba."

Bilyaminu mutum ne da bai saba roƙo ba. Ya durƙusa a gaban tsohon, ya faɗa masa halin da Inna ke ciki, ya faɗa masa cewa shi ne ya ce "tas". Ya ce, "Baba, ban ce ka sake shi ba. Ka riƙe abinka a cinyarka, ni in ɗauke ku ku biyun." Alhaji ya yi dariya, ya ce wannan taurin kan na Haladu ne. Haka aka yi. Inda babur ba ya zuwa, Bilyaminu ya goya shi a bayansa. Ya kawo shi Malumfashi da rawanin a rungume, ya zaunar da shi kusa da kwamfuta, hannunsa a kan faifan har Mahadi ya gama karantawa. Daga baya ya mayar da shi gida ta wannan hanyar dai. Ba don Bilyaminu ba, da ilimin Mahadi ya tsaya a baki.

Mahadi ya yi lissafinsa, ƙarar ta ɗauke, muryar Malam ta fito garau. Amma farin cikinmu bai daɗe ba. Ku tuna an goge bakin faifan da aka ba Bilyaminu, ɗan tagwayensa kuwa ba a goge shi ba. A wannan ɗan wuri kaɗai ba su yi daidai ba, kuma a nan ne na'ura ta ajiye bayanin da ke nuna wane guntu ke bin wane. Muryar ta dawo, amma a gutsuttsure, dubban guntaye babu suna babu jeri. Malam ya fara labarin kasuwa, sai ka ji shi yana yi wa yaro faɗa a wata shekarar daban. Aka gwada wa Inna ɗaya a haka, ta juya fuska bango. Mahadi ya ce iyakar abin da na'ura za ta iya ke nan. Sauran sai wanda ya zauna a kan tabarmar.

Uwani ce ta fi su daɗewa a gidan, ita ta zauna. Ta sa abin ji a kunne ta fara haɗawa. Ta san shekarar da injin niƙa ya zo unguwar, ta san shekarar da Malam ya fara tari, ta san ƙarar tsohuwar ƙofar langa-langa kafin a canza ta, ta san kwanon da ya fashe aka daina jin amonsa. Da waɗannan ta riƙa ware guntaye zuwa zamaninsu. Amma hirarrakin da Inna ba ta ji ba tukuna, waɗanda su kaɗai za su yi amfani, na wasu shekaru uku ne da Uwani ta daɗe tana tsallakewa da gangan. A shekarun nan ne take da 'yarta ta fari, Hanne, wadda ƙyanda ta ɗauke tana ƙarama. Yarinyar tana cikin kowane kaset na lokacin. Kuma babu ma'aunin da ya fi muryarta nuna jeri: a nan tana kuka irin na jariri, a nan ta fara gwalan-gwalan, a nan ta iya cewa "Kaka". Tun da aka binne ta Uwani ba ta yarda ta ji wannan murya ba.

Na ce mata, "Uwani, ko in karɓe ki? Ni ma na san gidan nan."

Ta ce, "Gwaggo, kin san gidan, amma ba ki san ranar da haƙorinta ya fito ba. Ki dai zauna kusa da ni."

Na zauna. Ban ga ta yi kuka mai sauti ba. Takan tsayar da muryar, ta rufe ido, ta ce, "Wannan kafin wancan ne," ta ci gaba. Mahadi yana gefe yana ɗinke abin da ta nuna. Ba don Uwani ba, da abin da 'yan'uwanta suka ceto tarin tsummoki ne da ba ya rufe jiki.

Ranar da hira ta farko ta haɗu, Inna ba ta iya zama da kanta. Bayan magariba aka jingina ta da matashi a tsakar gida, aka ajiye kunu mai ɗumi a gabanta. Daga bayan labule Malam ya yi gyaran murya, ya fara ba da labarin wani mai shayi da ya kawo rediyo yana rantsuwa cewa tashar waje kaɗai take kamawa in an ɗora ta a kan tukunya. Yarinya ta yi dariya a kusa da shi. Inna ta buɗe ido. Labarin ya tafi bai yi tsalle ba. Can sai ya dakata, ya ce, "Tabawa, ɗauko kwanonki. Ba na cin abinci ana ƙirga mini loma."

Inna ta miƙa hannu. Uwani ta tallafa mata kwanon. Ta sha.

Inna tana nan da ranta har yau da nake muku magana. Ta yi ƙiba kaɗan ma. Mahadi ya sake haɗa fayafayan, ya bar na'ura ta yi zagayenta har ƙarshe, ya kuma ajiye kwafi a gidaje biyu.

Bayan ta farfaɗo, wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar idonta ya washe, irin washewar da masu wannan ciwo kan samu jifa-jifa. Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina budurwa. Ta sa na jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Baƙar rikodar Malam ce mai mariƙin fata, wadda muka ɗauka ta ɓace tun rasuwarsa.

Ta ce, "Na san ya rasu, Malama. Ina tsaye aka fita da shi. Amma da ya yi shiru kwanakin baya, sai na ji kamar ranar ce ta dawo. Ungo wannan. Ki ba wanda ya dawo mini da shi."

Na ce, "Wanne daga cikinsu, Inna?"

Ta dube ni, hasken ya riga ya fara janyewa. Ta tambaye ni ko Malam ya dawo daga shago.

Na tara su ukun na faɗa musu. Duk sun yarda kyauta ce ta uwa, a bi maganarta yadda ta faɗa: mutum ɗaya ta ce. Rikoda kuma ba ta rabuwa uku. Babu wanda ya ce a ba shi. Bilyaminu ya ce bakinsa ne ya jawo masifar, da wane ido zai karɓa. Mahadi ya ce shi ne mai ilimin, shi ya kamata ya duba bai duba ba. Uwani ta ce ita ba ta je ko'ina ba, zama kawai ta yi. Amma na ga yadda kowannensu ya kalli mariƙin fatar nan, inda hannun ubansu ya sa ya yi baƙi. Babu wanda ba ya so.

Na juya maganar ta kowace fuska. Mahadi ya yi gaggawa a farko, amma gaggawar don uwarsa ta ci abinci ce, kuma shi ne ya tsaya shi kaɗai ya ƙi danna maɓalli lokacin da kowa ke zaginsa, shi ne ya gano inda gaskiya ta ɓuya. Bilyaminu ya faɗi kalmar da bai san nauyinta ba, amma ya faɗe ta ne da zuciya ɗaya, kuma shi ne ya sa ransa a hanya, ya durƙusa, ya goyo tsoho a bayansa. Uwani ba ta da hannu a kuskuren, wasu za su ce wannan ya ɗaga ta, wasu za su ce wanda ya gyara ɓarnarsa ya fi shan wuya. Ita ba ta bar ɗaki ba, amma inda ta shiga, ban san ko hanyar Gusau ta fi shi tsanani ba.

Rikodar tana nan a ɗakina, naɗe cikin zanen Inna. Ni ma na fara tsufa, ba na so ta kwana a hannuna fiye da haka. To, ku faɗa mini: tsakanin wanda ya hana a taɓa, da wanda ya je ya ɗauko, da wadda ta zauna ta saurara, wane ne ya dawo wa Inna da Malam?